Baƙo Makaho Ne: Masu Ziyarar Gidajen Yaran Mishan da Jar Taswirar Gombe

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Malam Inna ya san kwarin da ya biyo ta wajen Jami'ar Jihar Gombe ya nufi Kagarawal. Kafin a ɗaure shi da siminti da duwatsu a zamanin Gwamna Inuwa Yahaya, da tallafin Bankin Duniya, ya ci gidaje ya ci hanyoyi. Yaron unguwa ɗan shekara bakwai ya san cewa in an sheƙa ruwa a tudu ba a tsallaka kwari ko da cikinsa a bushe yake, don ruwan yana tafe, kuma ba ya sallama. Babu allon da aka rubuta wannan a kai. Baƙo kuwa, ko digirinsa uku, zai duba ya ga rairayi ne, ya sa ƙafa.

Da wannan kwarin nake auna maganar tsaron baƙin da majami'u ke turowa daga Amurka, Kanada, Ingila ko Koriya ta Kudu, su yi mako ɗaya ko biyu a gidan marayu, ko makarantar mishan, ko taron yara na lokacin hutu. Sukan zo da akwatunan littattafai da ƙwallaye da magunguna, da niyyar alheri. Malam Inna ba unguwar mishan ba ce. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi da ɗaliban jami'a masu haya, Musulmi da Kirista, ɗaki na jikin ɗaki. Amma cikin ɗaliban nan akwai 'ya'yan Tangale da Waja da Tula da ke koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma irinsu ne gobe za su zauna su amsa saƙon wani daga ƙetare mai tambaya: in zo?

Jan launi

Kafin saƙon ya iso, mai shi ya riga ya duba abin da gwamnatinsa ta ce. Ingila ta daɗe da shafa wa jihar Gombe jan launi, jere da Borno da Yobe da Adamawa, ma'ana kada a je ko da wane dalili. Amurka, mai matakan gargaɗi huɗu, ta ajiye Najeriya a na uku, amma a gargaɗinta na 2023 ta ware Gombe tare da Bauchi, Kano, Katsina, Kaduna, Sakkwato da Zamfara ta kai su mataki na huɗu saboda garkuwa da mutane.

Ɗan Gombe in ya ji haka ransa kan sosu, kuma yana da hujja. Garin da mutanen Borno da Yobe suka gudo suka fake a cikinsa, suka sayi filaye suka yi gini, shi ne ake kira wurin da ba a zuwa? Sai dai jan launin nan ba daga sama ya faɗo ba. A Janairun 2012 'yan bindiga sun buɗe wuta a cocin Deeper Life ana tsaka da addu'a. A Oktoban 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line, a Disamba ya tashi a tashar Dukku. A Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kutso gari da rana tsaka, a Yulin shekarar kuma, ana cefanen ƙaramar Sallah, bama-bamai suka kashe mutane wajen 50 a babbar kasuwa. Gari ya samu sauƙi ƙwarai tun daga nan. Amma ofishin jakadanci yana saurin shafa ja, yana nawar gogewa, kuma alƙalaminsa mai kauri ne: bai raba Malam Inna da dajin kan iyaka.

Inda taswirar ke cizo shi ne inshora. Yawancin kamfanoni ba sa biyan ko kwabo in mutum ya je inda gwamnatinsa ta hana. Baƙon da ya karye a hanyar Kumo, ake bukatar jirgi ya ɗauke shi, sai a lokacin ne majami'ar da ta turo shi za ta gane takardar da ta saya ba ta da amfani. Saboda haka kafin tikitin jirgi, a nemi inshorar da ta ambaci jihar da sunanta a rubuce. A kuma duba rubutun da kyau. Akwai unguwar Gombe a Kinshasa, akwai gandun dajin Gombe a Tanzaniya inda Jane Goodall ta yi suna da nazarin birai, ga kuma Gombi ta Adamawa nan kusa, inda aka sace wani malami Bajamushe a 2014.

Lafiya lau

Mai masaukin ma yana da nasa aibin, kuma a ganina ya fi na taswira haɗari. Mu mutane ne da ba mu iya cewa babu lafiya ba. Ka je duba mutum a asibiti, ruwa na shiga jijiyarsa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ka tambayi wanda ɓarayi suka kwashe wa shanu jiya yaya gari, ya ce lafiya lau. Wannan ladabi ne da dogaro ga Allah, kuma tsakaninmu mun san yadda ake sauraron abin da ke bayan maganar. Bature bai sani ba. In Fasto ya rubuta masa cewa ko'ina lafiya, a matsayin rahoton tsaro zai ɗauka, ya karanta wa kwamitin majami'arsu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Baƙon yana tafe da tallafi. Rufin ajin da iska ta yaye, kuɗin makarantar yara ashirin, rijiyar burtsatse, duk suna rataye da zuwansa. Wanda ya ce masa a dakata bana, hanya ba kyau, ya san me yake sakewa. Ba na kiran wannan ƙarya. Amma mai masaukin da kunya ko bukata ta rufe wa baki ya bar makaho a bakin kwari.

Maganin abin yana cikin irin tambayar. Kada baƙo ya ce akwai tsaro, don amsar a shirye take. Ya ce: yaushe rabonka da bin hanyar Alkaleri da kanka, kuma da ƙarfe nawa? Wa zai tuƙa mu, shekara nawa kuka yi tare? In zazzaɓi ya kama ɗayanmu da ƙarfe biyun dare, wane asibiti za a nufa, wa ke riƙe da makullin mota? Ɗakin da za a sauke 'yan matanmu, za ka bar 'yarka ta kwana ciki? Irin waɗannan ba a amsa su da lafiya lau.

Sauro, ɓera da gobe-da-nisa

Tarihin mishan a ƙasar nan da kaburbura ya fara, kuma ba takobi ne ya haƙa su ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shigowa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham kaɗai ya koma, kuma daga hannunsa mishan ɗin SIM ta tsiro, wadda ta kawo John Hall da Gordon Beacham Kaltungo a 1917, wadda kuma ta haifi ECWA a 1954.

Zazzaɓin Lassa ma a gidan mishan duniya ta fara saninsa. A Janairun 1969 Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a asibitin Church of the Brethren da ke garin Lassa a kudancin Borno, ta kwanta da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, sai da aka kai ta New York ta sha da ƙyar. A 1970 likitar asibitin Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ita ma ta tafi. Ƙwararru ne duka, ba 'yan yawon mako biyu ba. Ɓeran da ke ɗauke da cutar yana nan, kuma duk rani Bauchi da Taraba, maƙwabtanmu, suna cikin jihohin da aka fi samunta. Abinci a rufe, ɗakin ajiya a share.

Amma sauro ne sarki. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Mu da muka tashi da shi jikinmu ya ɗan saba, mukan sha magani mu fita kasuwa. Wanda bai taɓa yi ba, cikin 'yan kwanaki yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ƙwayar rigakafi tun kafin a taso ake fara ta, gidan sauro kuma ba ado ba ne. Allurar shawara, wadda ake tambayar katinta a filin jirgi, sai ta kwana goma take fara aiki, kuma kada a ɗauke ta al'adar ofis kawai: a 2019 cutar ta ɓarke a Alkaleri, wajen Yankari, daidai inda ake son kai baƙi shan iska ranar ƙarshe. Mai zuwa da rani ya ƙara da ta sanƙarau. A 2024 ta yi ɓarna a Yobe da Jigawa da Bauchi da nan Gombe, shekarar da Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV.

Wanda za a kai ƙasar Tangale kuwa sai a gaya masa dalilin da ya sa Kaltungo ke da asibiti sukutum na saran maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, kuma wanda ya raɗa mata gobe-da-nisa ba wasa yake ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Takalmi rufaffe, tocila in za a fita bayan gida da dare, kuma in tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba tsotsa, mota kawai zuwa Kaltungo.

Kwalta

Alƙaluman Amurka da kansu sun nuna haɗarin mota ya fi ta'addanci cin 'yan ƙasarta a waje, nesa ba kusa ba. Mu ba ma bukatar alƙaluma. Baƙon da ya sauka Abuja ya biyo ta Jos da Bauchi ya kwashe yini a kan kwalta tare da tireloli da tankokin mai. In akwai jirgi zuwa filin Lawanti, a hau. In babu, a yi sammako, a kuma tabbata la'asar ta yi wa mutum a masauki. Direban da ya ce zai iya kaiwa ko da dare ya yi, shi ne wanda ba za a ɗauka ba.

Ko tafiya a ƙafa ba ta tsira ba. A daren Ista na 2019 wani jami'in Sibil Difens ya afka da mota cikin jerin gwanon yaran Boys' Brigade a garin Gombe, bayan cacar baki kamar yadda rahotanni suka nuna. Yara da matasa aƙalla takwas suka mutu, jama'a suka kashe shi nan take. A Litinin ɗin Ista ta 2025 wata babbar mota ɗauke da hatsi ta ƙwace a Biliri ta bi ta kan masu jerin gwano, mutum biyar suka rasu. Baƙi suna son zuwa lokacin Kirsimeti da Ista, suna son shiga cikin ganguna da waƙa. A bar su su kalla daga harabar coci.

Cikin gari, abin da zai fi samun baƙo shi ne a fizge masa waya. 'Yan Kalare, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta labarinsu tun 2007, sun fi tashe lokacin siyasa. Shekarar zaɓe ba shekarar ziyara ba ce.

Masu bindiga

Ba a ce babu su ba. A Fabrairun 2015 aka shiga harabar makarantar Hope Academy a Emiworo ta jihar Kogi aka ɗauke Phyllis Sortor, 'yar mishan mai aikin ilimin yara, har da 'ya'yan Fulani. Ta yi kusan mako biyu a hannunsu. Jeffery Woodke ya shekara sama da 20 yana aiki a Nijar, an san shi ya san mutane, amma a Oktoban 2016 aka same shi har gida a Abalak, aka kashe masu gadinsa biyu, bai fito ba sai Maris 2023. A Oktoban 2020 aka sace Philip Walton a Massalata kusa da Birnin Ƙonni, sojojin Amurka suka ƙwato shi a cikin Najeriya bayan 'yan kwanaki.

Labari biyu ne suka fi kama da na baƙinmu. Michael Riddering yana riƙe da gidan marayu a Yako ta Burkina Faso. Ranar 15 ga Janairun 2016 ya shigo Wagadugu tarbar wata tawagar 'yan sa-kai, ya zauna jira a gidan abinci na Cappuccino, inda Turawa ke taruwa. 'Yan bindiga suka far wa wurin da otal ɗin da ke kallonsa, mutum 30 suka mutu, har da shi, har da 'yan Kanada shida da suka zo aikin taimako. Ba a ƙauye aka same su ba, a wurin da ya fi kama da gida ne. Na biyu a Haiti: ranar 16 ga Oktoban 2021 'yan mishan 17 na Christian Aid Ministries, biyar daga ciki yara, suna dawowa daga ziyarar gidan marayu a mota ɗaya, 'yan dabar 400 Mawozo suka tare su, suka nemi dala miliyan ɗaya kan kowane kai. Na ƙarshensu sai tsakiyar Disamba suka kuɓuta.

Mai garkuwa ba duba yake yi ba, labari ake kai masa. Kuma sau da yawa mu ne infoman kanmu. Majami'ar can ta sa sunayen tawaga da ranar tashi a Facebook tana neman addu'a. Ta nan ta buga ƙyallen barka da zuwa da hotunansu ta rataya a bakin titi mako guda kafin su iso. Ɗan tawaga ya sauka, ya ɗora hoton masaukinsa da daren farko. A yi addu'ar a cikin coci, hotuna su jira sai jirgi ya tashi. Kada a fita ƙarfe ɗaya ta hanya ɗaya kullum. Rakiyar 'yan sanda tana da ranarta, amma jiniya shela ce. Kuma mai zuwa ya tuna cewa in abu ya ɓaci, direba da mai gadi da mai fassara ne a gaba, su da babu jakadan da zai yi magana a kansu.

Wani lokaci ma wutar daga nesa take tasowa. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faris, aka ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, mutum 10 suka mutu. A nan Gombe, a Maris 2007, ɗalibai sun kashe wata malama Kirista a makarantar sakandare ta Gandu bisa zargin wulaƙanta Alƙur'ani lokacin jarrabawa. Baƙon da bai san nauyin waɗannan abubuwa ba yana bukatar wanda zai zaunar da shi tun daren farko ya gaya masa abin da ba a taɓawa, abin da ba a wasa da shi, da ranar da ba a fita.

'Ya'yan mutane

Nan ne maganar ta fi tsauri, kuma nan ne baƙi suka fi makanta. Suna ganin sun zo wurin yara, wa zai zarge su? Ba su san abin da unguwa ke tunawa ba.

A Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka gano yara tara da aka sace aka kai Anaca aka sayar, an sauya musu suna. Kotu ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, shekara 104 a Yulin 2021. Babu uwar da ta manta wannan a Arewa. Wata biyu bayan gano yaran, ranar Kirsimeti, jami'ai suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka kafa tun 1996. Tsakanin Kano da Kaduna aka kwashe yara 27. Kotu ta wanke Tarfa daga zargin satar yara a Yunin 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke masa kan jabun takarda a Janairun 2023, amma maganar mayar da yaran ta ci shekaru. Ko ta wane gefe mutum ya kalli shari'ar, abu ɗaya a fili yake: gidan yara a Arewa yana tsaye ne kan takarda da kan yardar maƙwabta, in ɗaya ta girgiza yaran ne ke faɗuwa.

Zargin ma ba kullum yake zama banza ba. A Oktoban 2007 aka kama Faransawan ƙungiyar Arche de Zoé a Abeche ta Cadi suna shirin ficewa da yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur, alhali yawancinsu 'yan Cadi ne masu iyaye. A 2016 kotun Amurka ta ɗaure wani matashi ɗan Oklahoma shekara 40 saboda lalata da yara a gidan marayun Nairobi inda ya je aikin sa-kai. Gidan da ke buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da fasfo da murmushi bai san aikinsa ba. Wasiƙar majami'a da shaidar 'yan sandan ƙasarsu cewa ba shi da tabo, waɗannan su riga shi isowa. Kada a bar baƙo shi kaɗai da yaro, ko a ɗaki ko a mota. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga baƙon kirki ranar da wani zai yi masa ƙazafi.

Sai ƙananan abubuwan da ke kunna babbar wuta. Farar mace ta tsaya a lungu tana raba alewa, yara suka yanyame ta, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. A wurinta ƙauna ce. Uban da ya leƙo daga zaure abin da ya gani daban ne. Yaran maƙwabta Musulmi suka ji waƙa suka shigo taron, aka ba su littafi suka kai gida. Baƙon zai hau jirgi ranar Asabar, Faston da ya gayyato shi ne zai zauna da abin shekara goma. Yaron da ba na gidan ba, sai da sanin iyayensa. Hoto sai da izini, na bariki da shingen bincike kuwa ko da izini a haƙura.

Shi ya sa ziyara mafi amfani a makon nan duka ita ce wadda ba ta cikin jadawali: a ɗauki baƙi a kai su gaisuwa ƙofar mai unguwa, a cire takalmi, a ce ranka ya daɗe ga baƙinmu, kwana kaza za su yi, ga abin da ya kawo su. A sanar da DPO. In da limamin unguwa a kusa, a biya a gaishe shi. Minti ashirin ne. Daga ranar, mai shayi da mai kanti da 'yan sintiri sun san baƙin wane ne, kuma baƙuwar fuskar da ta zo tana tambayar inda Turawan nan ke kwana, labarinta zai riga ta isa.

Ranar komawa, bayan an yi sallama an ɗora akwatuna, saura aiki ɗaya. Ƙwayar zazzaɓi ba a filin jirgi ake ajiye ta ba: Malarone sai an ƙara kwana bakwai, doxycycline mako huɗu. Zazzaɓin kan iya ɓoyewa ya fito bayan mutum ya koma gida, a garin da likita zai fara zaton mura ce. In jiki ya yi zafi, a je asibiti ranar, a ce daga Afirka ta Yamma aka dawo, a nemi gwajin jini. In likitan ya ji Gombe ya fara tambayar labarin birai, a gaya masa ba waccan ba ce.